Kakar Wasan Emil ta Ƙarshe

Talata, 7 ga Afrilu, 1987, da hantsi

Jiya aka buɗe kakar wasan besbol. Iskar tafki tana yanka kunne, amma fili ya cika maƙil, wasu har da bargunansu. Emil ya sa jar kwat ɗinsa ya hau ɗakin ogan, abin kiɗan nan mai kama da piyano, kamar yadda yake yi tun 'yarmu Paulette tana rarrafe. Bana ni ma na bi mijina. Mista Halloran, manajan da ke riƙe da filin besbol da zauren hokin ƙanƙara duka, ya gan ni a kan matakala da jakar saƙata, ya ce, "Madam Dudek, yau wace rana? Ke da ko tikitin kyauta ba kya karɓa?" Na ce masa gida ne ya yi mini faɗi.

Emil ya yi kiɗansa lafiya. Yatsun nan ba abin da ya same su. Sai a zagaye na biyar, ana tsaka da wasa, ya sake ɗauko taken ƙasa daga farko. Rabin fili ya miƙe ana cire huluna, mai jifa ya tsaya da ƙwallo a hannu yana waige-waige. Na dafa hannunsa. Ya dube ni, ya dubi fili, ya zame cikin wani kiɗan kamar da ma can ya nufa. Aka yi dariya aka zauna.

Ƙanena Ziggy ya biyo mu gida cin abinci. Tun daga ƙofa yake faɗa.

"Mijin Yaya, ka ga jifan da Navarro ke yi kuwa? Wallahi kakarmu ta fi shi, ita da ta daɗe a kabari."

Emil ya ce, "Hannunsa ne bai yi zafi ba. Ka ba shi zuwa Mayu."

"Kafin Mayu ai mun mutu. Kai kuma da ka tsayar da mutane sau biyu, kishin ƙasa ne ya motsa ko kwalba ce?"

Emil ya yi dariya, amma ni yake kallo. Bai san a kan me Ziggy ke magana ba.

Ba komai ba ne. Ya ci abinci sosai.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da la'asar

Gobe za a fara wasannin neman kofi na hoki. Wanda ya riga cin huɗu ya wuce, wanda aka ci ya tafi gida sai baɗi.

Ni na ɗaure kaina. Cikin Fabrairu ne, wata safiya da ya tashi garau, muna shan kofi, ya ajiye kofinsa ya ce, "Regina, ni ba yaro ba ne, na san akwai abin da ke faruwa. Ki bar ni in ƙarasa hokin bana. Kada kowa ya ji. Daga nan duk abin da kika ce shi ke nan." Na ce na yi alkawari. A lokacin ƙungiyarmu tana can ƙasa, ba wanda ba ya lallasa ta. Na yi zaton kafin ƙanƙarar titi ta narke an rufe zauren. Sai ga shi sun yi ta ci, sun kutsa da ƙyar.

Mun shirya yadda za mu yi. Zan zauna a hagunsa da saƙata. In na taɓa gwiwarsa sau ɗaya, mun ci ƙwallo, ya saki kiɗan murna. In na matse gwiwar, ya tsaya. Ya ce ai sai ka ce lokacin da muke saurayi da budurwa a silima. Na yi dariya don ya ji daɗi.

Dole na koyi wasan. Na tambayi Ziggy dalilin da alƙali ke hura usur in ƙwallo ta tsallake layuka. Sai da ya ajiye cokali ya ce, "Yaya, lafiyarki kuwa?"

Asabar, 11 ga Afrilu, da safe

Mun ci wasan farko.

A kashi na biyu faɗa ya kaure. 'Yan wasa suka yar da sanduna da safar hannu, aka cakume juna, jini a kan ƙanƙara, zaure kamar zai tsage don ihu. A irin wannan lokaci akwai kiɗan da Emil ya saba yi, mai zuga mutane. Jiya bai yi shi ba. Ya lumshe ido ya ɗauko wani kiɗan jaz mai sanyi, irin wanda ake rungume juna ana juyawa a hankali. Na san shi. Shi yake rufe dare da shi a kulob ɗin da na fara ganinsa. Na matse gwiwarsa, na sake matsewa. Ba ya tare da ni, ba ya cikin zauren ma.

A ƙasa kuwa wasu ƙatti biyu suna riƙe da rigar juna suna zagayawa a kan takalman sulu, kiɗa na bin su. Wani ya fara dariya, sai zaure duka ya ɗauka. Har wanda ake dukan sai da ya dara. Da aka raba su, jama'a suka juyo suna duban ɗakinmu suna tafi. Emil ya buɗe ido ya ce mini, "Su wa ake yi wa tafi?" Na ce, "Kai." Ya ɗaga musu hannu.

Mista Halloran ya leƙo bayan an tashi, fuskarsa jawur don daɗi. Ya ce, "Tsoho, ashe da sauranka! Duk sanda aka yi faɗa haka nake so."

Na ƙone ƙwai yau da safe. Ni ce na ƙone, ba shi ba.

Litinin, 13 ga Afrilu, da azahar

Ina guga na kunna rediyo, shirin da 'yan kallo ke bugo waya. Ba a da magana sai ta Emil. Wani ya ce a duk zaurukan ƙasar nan babu mai ogan da ya kai namu wayo. Wata ta ce mijinta ya yi dariya har haƙoran robarsa suka faɗa cikin giya. Wani tsoho ya ce wannan izgili ne ga wasan maza, a zamaninsu ba a yin haka. Aka taru aka yi masa ca.

Sai na ji muryar da na sani. "Ziggy ne daga Unguwar Kudu. Wannan da kuke yabo mijin yayata ne, a teburinsa nake cin abinci. Kuma in ba ku sani ba, yana da faifai. Shi da Thurman Beasley mai busa saksafon suka yi a Chicago tun ba a haifi rabinku ba."

Daga nan aka bar hoki aka koma faifai. Wani ya ce yana da shi, hannun hagun mai piyano ya yi nauyi. Wani ya ce ƙarya ne, mai ganga ne ke jan su baya. Wata murya ta ce mai saksafon ya cinye faifan, sauran rakiya suka yi. Faifan da ya shekara da shekaru a kwandon gwanjo ba mai ɗagawa, yau kowa malami ne a kansa.

Emil yana kujerarsa yana ji. Ya ce, "Waɗannan ba su da aikin yi ne?"

Na ƙona wuyan rigarsa.

Laraba, 15 ga Afrilu, da yamma

Mun je asibiti. Mun dawo.

Alhamis, 16 ga Afrilu, da hantsi

Na ce wa Emil motar ce ba ta da lafiya. Makullin yana cikin gwangwanin fulawa. A bas za mu riƙa zuwa zaure.

Likitan yana da hoton ƙungiyar hoki a bangonsa. Da muka tashi tafiya ya riƙe hannun Emil ya ce, "Ranar Juma'a ina wurin, na yi dariya har da hawaye." Sai ya tuna abin da ya gama gaya mini a ɗaya ɗakin, ya saki hannun.

Ya ci abinci sosai.

Lahadi, 19 ga Afrilu, bayan coci

Ista. Na kai kwandon ƙwai da tsiran alade an sa masa albarka jiya, kamar kowace shekara. Yau Fada, limamin cocinmu, ya gama huɗuba ya ce, "Kada kuma mu manta da yaranmu da za su shiga ƙanƙara ranar Talata." Coci ya ɗauki dariya da amin. Mata na juyowa suna yi wa Emil murmushi. Matar mai gidan burodi ta ce mini, "Ki riƙe mana shi da kyau, shi ne sa'armu."

Na durƙusa na roƙi Allah a ci mu.

Na rubuta, ga shi nan. Gari guda yana roƙon abu ɗaya, ni kaɗai ina roƙon kishiyarsa, a ranar Ista, a gaban bagade. Na ce ya Ubangiji, ka sa ƙafar golanmu Gadbois ta zame. Kada ya ji ciwo, ta zame kawai. Yaron da ke gaishe ni a matakala yana ce mini Mama.

Duk wasan da suka ci, ƙarin dare ne da zan zauna a ɗakin nan hannuna a kan gwiwarsa. Saƙar ba ta ƙaru da layi ɗaya ba. Jiya na duba, ashe warwarewa nake yi.

Laraba, 22 ga Afrilu, da safe

Sun ci na huɗu. Sun wuce zagaye na biyu. Har yanzu motoci na ta oda a titi.

Alhamis, 23 ga Afrilu, da yamma

Thurman Beasley ya zo. Rabon da ya taka gidan nan tun bikin Paulette. Ya bar busa da daɗewa, yana da shagon aski a ƙetaren gada. Ya shigo da hularsa a hannu yana cewa, "Farfesa! Ka jawo mini masifa. Kowa ya zauna a kujerata sai ya gaya mini inda na yi kuskure a faifan da ni kaina na manta da shi. Wani da bai san bambancin saksafon da bututun murhu ba, wai na cika gaggawa."

Emil ya tashi ya rungume shi. Ya gane shi sarai, har da sunan da suke tsokanarsa da shi, Dogon Numfashi. Suka zauna suna musu. Thurman ya ce tunda aka fara sa wa kayan kiɗa lantarki jaz ya mutu. Emil ya ce jaz bai mutu ba, kunnen Thurman ne ya tsufa. Thurman ya ce, "Ji mai magana, mutumin da ke kaɗa wa masu cin tsiran alade a fili!" Raina ya yi fari. Na shiga kicin ina yanka kek ina jin dariyarsu.

Ina fitowa da faranti na ji Emil yana cewa, "Ka gaya wa Clyde ya zo da gangunansa da wuri ranar Asabar. Kada ya sake sa mu rasa jirgin Chicago."

Thurman yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar Clyde. Emil ma haka.

Thurman bai ko ƙifta ido ba. Ya ce, "Zan gaya masa, Farfesa. Ka san halinsa." Ya ci kek ɗinsa, ya yaba. Da zai tafi ya ce in raka shi ƙofa.

A baranda ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun yaushe me?"

"Regina, ni ne fa. Mahaifiyata a hannuna ta yi irin wannan ciwon."

Na ce masa gajiya ce, wasanni sun yi yawa, ga besbol ga hoki. Ya daɗe yana juya hula. Ya ce, "Ki sauko da shi daga ɗakin nan tun mutane na tafi. Na san 'yan kallo. Bakin da ya yi maka guɗa, shi ne zai yi maka ihu."

Na ce na yi alkawari. Ya ce, "Wanda kika yi wa alkawarin yana nan?"

Na rufe ƙofa da ƙarfi, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba.

Asabar, 25 ga Afrilu, da hantsi

Abin da ya tambaye ni a kicin yau da safe ba zan rubuta shi ba. Cikin ladabi ya yi tambayar, har da "don Allah, Madam". Na ce masa matarsa ta je kasuwa, yanzu za ta dawo. Na fita ta ƙofar baya, na tsaya wajen igiyar shanya, na zagayo na shigo ta gaba. Ya ce, "Kin daɗe."

Ba komai ba ne.

Litinin, 27 ga Afrilu, da la'asar

Paulette ta bugo daga Columbus. Na ɗauki wayar da niyya, wallahi da niyya. Ta ce, "Mama, muryarki wani iri." Na ce mura ce. Ta ce, "Baba fa?" Sai na ji bakina yana ba ta labarin Navarro, wai an ci mu uku a jere, wai Ziggy ya ce a sayar da shi a sayo injin yankan ciyawa, wai matsalar ba ta mai jifa ba ce, ta masu tsaron baya ce. Na yi ta zuba. Can ta ce, "Mama, yaushe kika fara sanin besbol?"

Na ba Emil wayar. Ya yi mata hira mai daɗi. Ya iya hira da kowa.

A hoki kowa ya ci biyu. Laraba a gidanmu za a yi.

Alhamis, 30 ga Afrilu, da azahar

Ban san ta inda zan fara ba.

Saura kaɗan a tashi, ana kunnen doki. Lindahl, ɗan wasanmu mai farin gashi, wanda matarsa ta haihu watan jiya, ya bi ƙwallo zuwa lungu. Wani ya zo ta bayansa ya haɗa shi da bango. Har a ɗakinmu na ji ƙarar. Ya faɗi bai motsa ba. Zaure ya yi tsit. Likita ya shigo yana zamewa a kan ƙanƙara, aka kawo gadon ɗaukar marasa lafiya. 'Yan wasan ɓangarorin biyu suka durƙusa. Ana jin kukan matarsa daga inda take.

Na tsorata. Hannuna ya kai kan gwiwar Emil ban sani ba. Sau ɗaya.

Ya saki kiɗan murna. Da dukan ƙarfin ogan ɗin, wanda ake yi in mun ci ƙwallo, mai tsalle-tsalle. Yana murmushi, yana kaɗa kai.

Na matse gwiwar, bai tsaya ba. Na kama hannuwansa biyu na ɗaga su daga kan ogan. Ya fizge ya ture ni, goshina ya bugu da ƙofa. Ya daka mini tsawa, "Ke wace ce? Wa ya bar ki kika shigo nan?" Ya koma ya ci gaba. Sai da wani ma'aikaci ya cire wayar lantarki.

Ihun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Kofunan giya suna dukan gilashin ɗakin. Mutanen da suka yi mana tafi. Emil ya zauna yana danna ogan da ba ya fitar da sauti, yana cewa, "An ɗauke wuta."

Mista Halloran ya fitar da mu ta ƙofar da ake shigo da kaya, ya sa mu a tasi. Ya dubi goshina, ya ba ni hankicinsa.

Ni na taɓa gwiwar.

Juma'a, 1 ga Mayu, da yamma

Lindahl ya farfaɗo. An ce yana motsa yatsun hannu. Ba a ce komai a kan ƙafafu ba.

Na san bai kamata in kunna rediyo ba. Mashayi. Tsohon banza. Mara imani. Wani ya ce da ma tun ranar buɗe besbol ya lura a buge yake. Wata ta ce a hana shi shiga coci. Wani ya ce ya fasa faifan ya zuba a shara, da ma kiɗan mashaya ne. Mutum ɗaya ya ce a ji ta bakinsa tukuna, aka katse shi.

Ziggy ya shigo ba sallama. Idonsa jawur. "Ina yake? A wurin aiki ba mai yi mini magana. Ni da na shiga rediyo na ce mijin yayata ne! Ya fito ya gaya mini abin da ya sha."

Emil ya fito daga ɗaki da jar kwat a kan rigar barci. Ya miƙa wa Ziggy hannu ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Mai gyaran ogan ne? Jiya ya mutu mini ana tsaka da wasa."

Ziggy ya tsaya da baki buɗe. Ya dube ni, ya ga goshina. Ya karɓi hannun ya ce, "E, ni ne. Zan duba shi."

Ya same ni a kicin. Ƙaton mutum, ya zauna a kan kujerar da ba ta ɗaukarsa, yana kuka kamar ranar da aka binne Mamanmu. "Yaya, me ya sa ba ki gaya mini ba? Ina ta yi masa ba'ar kwalba. Ina ta yi." Ya ce zai bugi rediyon ya faɗa musu gaskiya, su ji kunya. Na ce in ya yi, kada ya sake taka gidana. Gara su ce mashayi ne. Mashayi yana iya wartsakewa.

Asabar, 2 ga Mayu, da hantsi

Mista Halloran ya zo da kansa, da kek ɗin da matarsa ta yi. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa ba. Ya ce tun bara yake naɗar kiɗan Emil a kaset, don ranar da mura za ta kama shi. Da shi za su ƙarasa hoki, da shi za su yi besbol. Ba za a ɗauki wani ba bana. Ya ce, "Madam Dudek, da kin gaya mini." Sai ya girgiza kai. "A'a. Da kin gaya mini, da tun ranar na sauko da shi. Na gane."

Ya bar makullin ɗakin ogan a hannun Emil. Ya raɗa mini cewa an riga an canza kwaɗon.

Litinin, 4 ga Mayu, da la'asar

Ya yi wanka, ya sa jar kwat, ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce an ɗage wasa saboda ruwan sama. Ya leƙa taga. Rana tar. Ya ce, "Hoki ai a cikin ɗaki ake yi, Regina." Yau ya san sunana. Yau da na fi bukatar ya manta.

Na ce rufin zauren ne ke yoyo. Ya zauna a kan kujerar bakin ƙofa da makulli a hannu. Yana nan har yanzu.

Bai ci abinci ba.

Laraba, 6 ga Mayu, da safe

An ci mu. An fitar da mu. Gadbois ne ya zame.

Juma'a, 8 ga Mayu, da azahar

Na gaya wa Paulette. Ban faɗi sunan abin ba, ita ta faɗa. Za ta zo Litinin. Ta ce akwai wani gida kusa da ita, mai lambu, har da piyano a falo. Na ce za mu gani.

Thurman ya zo ya yi masa aski a baranda. Ban ba shi haƙuri ba, bai nema ba.

An ce Lindahl ya zauna a kan keken marasa lafiya. Na rubuta wa matarsa kati, na yaga.

Lahadi, 10 ga Mayu, da yamma

Bayan coci ya sake sa kwat ya tsaya a ƙofa. Ƙaryata ta ƙare. Na ce ya cire jar, ya sa ruwan toka, yau hutu aka ba shi, kallo za mu je. Ziggy ya kai mu filin besbol a motarsa. Muka zauna can baya a kan benci, cikin rana, inda ba mai duban fuskar kowa. Na ja masa hula har gira.

Navarro ne ke jifa, kuma yau ba mai iya taɓa ƙwallonsa. Ziggy ya ce, "Da ma na faɗa, yaron nan zinariya ne." Emil yana bin wasan tsaf. Ya ce mai bugu na uku yana sakin kafaɗa da wuri, kuma haka ne, aka fitar da shi.

A zagaye na bakwai kowa ya miƙe don miƙe ƙafa, lasifika ta saki kiɗan ogan. Kaset ɗin ne. Na san kowane lanƙwasa a cikinsa, na san inda zai ɗan ja numfashi kafin ya hau. Na riƙe bencin gabana.

Emil ya karkata kai yana saurare. Ya taɓa mutumin da ke kusa da shi, wani mai ƙaton ciki da gyaɗa a hannu, ya ce, "Malam, wannan mai ogan ɗin sabo ne? Yana gaggawa."

Mutumin ya ce, "Ai ka faɗi gaskiya, Baba. Wannan ba ya da ɗanɗano ko kaɗan. Na da shi ne gwani, ba a yi kamarsa ba. Tun ina yaro nake jin sa a filin nan."

"To ina yake?"

"An sallame shi. Ba ka ji abin da ya yi a hoki ba?"

Emil ya ce, "Allah sarki. Me ya same shi?"

Mutumin ya buɗe baki zai yi bayani. Ziggy ya yunƙura, na riƙe masa riga. Na leƙa ta gaban Emil na dubi mutumin. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya dubi tabon goshina, ya dubi hannuwan Emil da ke kan gwiwa, yatsu suna bin kiɗan ɗaya bayan ɗaya ba kuskure. Gyaɗar ta zube daga hannunsa.

Emil ya juyo gare ni. "Ke kin sani? Me ya same shi?"

Na ce, "Gajiya ya yi."

Ya jinjina kai. Ya ce, "To a bar bawan Allah ya huta mana."

Mutumin ya cire hularsa, ya riƙe ta a ƙirji. Kowa ya zauna aka ci gaba da wasa, shi yana tsaye.